Sassaƙen dabbobi na Japan: yaya zan bambance tsoho na gaske da na jiya-jiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayen kayan gwanjo da ake kawowa daga Japan a kwantena. A cikin wani kaya na samu sassaƙen katako guda uku. Akwai baƙin beyar da kifi a bakinsa, akwai wani ɗan ɓera da bai wuce santimita 4 ba, da huji biyu a cikinsa da rubutu a gindinsa, sai kuma wani dogon allo mai huje-huje da aka sassaƙa gauraki da bishiya a jikinsa. Dillalin ya ce dukansu sun haura shekara 300, wai na zamanin samurai ne. Yaya zan gane gaskiya, kuma yaya zan adana su kada su lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun daga yadda dillalin ya haɗa abu uku ya ba su shekaru ɗaya za ka san ko dai bai san kayan ba, ko ya san ka ba ka sani ba. Waɗannan abubuwa ba dangi ɗaya ba ne. Kowanne an yi shi ne don wani aiki, kuma kowane aiki yana da zamaninsa. Shi ya sa idan aka kawo min sassaƙen Japan, ba na fara duban rubutun da ke gindinsa. Tambayar da nake fara yi ita ce: me aka sassaƙa wannan ya yi? In an samu amsar, rabin shekarun sun fito, sauran rabin kuma jikin katakon ne zai faɗa.

Zamanin da dillalin yake nufi shi ne zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa ke riƙe da mulki. A wancan lokaci mafi yawan sassaƙen dabbobi suna jikin gine-gine ne, ko a jikin tufafin mutum. Babban misalin na gini shi ne wurin ibadar Toshogu da ke Nikko, inda aka binne Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan, kuma jikansa Iemitsu ya sake gina wurin a 1636. Ƙofa ɗaya kawai a wurin, Yomeimon, tana ɗauke da sassaƙe sama da 500. Birai ukun nan da duniya ta sani, ɗaya ya rufe ido, ɗaya kunne, ɗaya baki, suna jikin bargar dawakin wurin, domin an yi imani biri yana kare doki daga cuta. Akwai kyanwa mai barci da ake jingina ta ga Hidari Jingoro, da wasu giwaye masu kunnuwa da jela irin waɗanda babu giwar da ke da su, domin mai zanen bai taɓa ganin giwa ba. Irin waɗannan ba sa shiga kwantena. Abin da ke shiga kwantena yawanci kayan gidajen da aka rushe ne ko aka kwashe bayan rasuwar tsofaffi.

Bari mu fara da beyar, domin shi ne mai sauƙi. Babu yadda za a yi ya kai shekara 300, domin sana'ar kanta ba ta fi shekara 100 da kaɗan ba. Tokugawa Yoshichika, shugaban reshen Owari na gidan Tokugawa, ya yi tafiya Turai a 1921 zuwa 1922, ya sayo ƙananan beyar na katako a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Ya kai wa manoman garin Yakumo a tsibirin Hokkaido, waɗanda zuriyar barorin gidansu ne, ya ce su riƙa sassaƙa irinsu da hunturu lokacin da dusar ƙanƙara ta hana noma. An baje na farko a 1924. Ba da daɗewa ba 'yan ƙabilar Ainu na Asahikawa su ma suka shiga sana'ar. Shi kuwa baƙin beyar mai kifin salmon a baki, shi ne tsarabar da kusan duk wanda ya je yawon buɗe ido Hokkaido a shekarun 1960 da 1970 yake dawowa da ita. An yi su da yawan gaske, kuma yanzu jikoki suna fitar da su daga gidaje. Juya naka ka duba tafin ƙafarsa ko cikinsa. Sau da yawa za ka ga sunan masassaƙi ko shekara da lissafin mulkin Sarki Showa. Sai ka ƙara 1925 a kan lambar: Showa 45 ita ce 1970. In ka ci sa'a ya zama na farko-farkon Yakumo ne, ko aikin sanannen masassaƙi irin Shibasaki Shigeyuki ko Fujito Takeki, to akwai masu nemansa a Japan yanzu. In ba haka ba, kayan ado ne mai kyau, ka saye shi a farashin kayan ado.

Ɗan ɓeran shi ne abin zama a duba, domin a nan ake samun riba, a nan kuma aka fi yin asara.

Sunansa netsuke. Rigar kimono ba ta da aljihu, saboda haka namiji yakan rataya battar maganinsa, da jakar tabarsa, da 'yar jakar kuɗinsa a igiyar alharini. Sai ya zura igiyar ta bayan ɗamara, a can saman kuma a ɗaura wannan ɗan sassaƙe ya tokare, don kada kayan su zame. Huji biyun da ka gani nan ne igiyar ke bi. To ka ga abu ne da ake sawa kullum, yana gogar tufafi, ana shafa shi da hannu, ana juya shi ana hira. Wannan aikin ne ya tsara kamanninsa. Masassaƙin kirki ba ya barin kunne ko jela ko ƙafa a miƙe, domin za su kama alharini ko su karye. Shi ya sa za ka ga ɓeran ya dunƙule, ya naɗe jelarsa a jikinsa ya riƙe ta da ƙafa. Idan naka yana da tsini da kaifi ta ko'ina, wanda ya yi shi bai taɓa tunanin wani zai sa shi a ƙugu ba.

Zaɓin ɓera ma ba banza ba ne. Shi ne na farko a cikin dabbobi 12 da suke lissafin shekaru da su, tare da sa, damisa, zomo, dodon da suke kira ryu, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da aladen daji. Mutum yakan sa dabbar shekarar haihuwarsa. Ɓera kuma a wurinsu alamar wadata ne, domin ba ya zama inda babu hatsi, kuma suna ɗaukarsa ɗan aiken Daikoku, abin bautarsu na arziki. Wani abin dariya game da damisa: babu ita a Japan, sai masassaƙan suka riƙa kwaikwayo daga zanen Sinawa da fatun da ake shigowa da su, da kuma kyanwar gida. Shi ya sa damisar tsohon netsuke takan fito da manyan idanu da girar tsoho, ta fi kama da mage mai fushi. Idan ka ga damisa da ta yi daidai da ta hoton kyamara, a ce maka ta ƙarni na 18 ce, sai ka yi murmushi.

Yanzu ka samo gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka zauna wurin haske, ka fara da hujin. A yawancin tsofaffi, huji ɗaya ya fi ɗaya faɗi, domin a cikinsa ake ɓoye ƙullin igiya, kuma su biyun sun haɗu ta ciki yadda igiya za ta bi ba tare da wahala ba. Bakin hujin ya side, ya yi santsi, wani lokaci har ya ɗan karkace ta inda igiya ta riƙa ci shekara da shekaru. Na jabu kuwa huji biyu ne daidai wa daida, da'ira cif, bakinsu da kaifi, aikin injin huda. Wasu ma in ka zura zare ba zai fita ta ɗaya hujin ba. Amma ka sani akwai tsofaffi na gaske da ba su da huji ko ɗaya, igiyar tana bi ta tsakanin jela da jiki ko tsakanin ƙafafu.

Sai ka koma ga fatar. Tsufa na gaske ba ya kama jiki bai-ɗaya. Wuraren da suka yi tudu, irin su baya, hanci da gwiwa, za ka ga gashin da aka zana ya shafe, katakon ya yi haske da sheƙi kamar yadda carbin itace ke yi a hannun dattijon da ya daɗe yana jansa, amma a cikin lunguna launin ya yi duhu kuma zanen gashin yana nan daram. Gefen da ke jingine da jikin mai shi yakan bambanta da gefen da ke kallon rana. Mai jabu yakan jiƙa abin duka a rini ko ya shafe shi da man goge takalmi, sannan ya bi da takardar yashi. Sai ka ga gogewa a wurin da hannu ba ya kaiwa, ka ga ƙananan layuka a jere duk sun nufi gefe ɗaya. Ka shinshina shi ma, man takalmi ba ya ɓuya. Sai dai kada ka ce duk mai rini jabu ne, domin masassaƙan asali ma suna rina aikinsu da ruwan 'ya'yan wata bishiya da suke kira yasha don zanen ya fito.

Itacen da aka fi amfani da shi shi ne tsuge, mai nauyi, mai laushin tsoka, launinsa rawaya-rawaya, in ya tsufa ya koma kalar zuma. Saboda jijiyarsa ba ta fitowa sosai, ana iya rikita shi da roba. Duba da gilashin: roba da aka zuba a mazubi takan bar siririn layin haɗi da ƙananan ramukan kumfa. Wasu za su ce ka ɗora masa allura mai zafi. Kada ka yi. In na gaske ne, ka ƙona kuɗinka da hannunka. Idanun kuma a aikin kirki dasa su ake yi da ƙaho baƙi ko wani abu mai sheƙi, su zauna cif babu gam a gefe.

Sai a ƙarshe a zo ga sa hannu, kuma ina sa shi ƙarshe da gangan. Wani ɗan kasuwar Osaka, Inaba Tsuryu, ya wallafa littafi a 1781 mai suna Soken Kisho, ya jera sunayen masassaƙan netsuke sama da 50. Tun daga lokacin sunayen suka zama jari, aka fara ɗora su a kan aikin wasu. Ke nan akwai sa hannun jabu da shi kansa ya haura shekara 200. A ɗaya ɓangaren, Yoshimura Shuzan, wanda littafin ya yaba ƙwarai, ba ya sa hannu sam, kuma ɗimbin tsofaffin netsuke masu kyau ba su da suna. Masana suna gane gari ko gidan sana'ar da abu ya fito ne ta salon aiki. Nagoya ta shahara da katako, can ne Ikkan ya yi suna da ɓeraye, Tametaka kuma da wata dabara mai suna ukibori: a danna katako ya lotsa, a kankare kewayen ya yi daidai da shi, a jiƙa da ruwa, sai wurin da aka danna ya kumburo. Da irin wannan dabara ake fitar da ƙurajen fatar kwaɗo da tsagar ganye. Gidan Masanao na Ise sun gaji suna ɗaya daga uba zuwa ɗa zuwa almajiri, ga kwaɗi ga aladen daji, don haka sunan kaɗai ba ya gaya maka wane ƙarni. Akwai Minko na garin Tsu da damisarsa masu idon tagulla, da Toyomasa na Tanba, da Tomokazu na Gifu da birransa. In ɓeranka yana ɗauke da babban suna amma gashin an ja shi a gurguje kuma yatsun ƙafar ba su rabu ba, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni a wurina ƙasan abu ya fi fuskarsa faɗin gaskiya: gwani yana sassaƙa tafin ƙafa da ƙumba ko da ba wanda zai gani, mai sauri kuwa yakan bar wurin a shafe.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, mafi yawan ƙananan dabbobin katako masu huji biyu da ke yawo a kasuwa da intanet yau sababbi ne, da yawansu ma a ƙasar Sin aka yi su. Sau da yawa za ka ga sa hannun a kan wani ɗan farin abu da aka manna a gindi, kuma in ka bincika za ka tarar da irinsa sak guda goma a wurin mai sayarwa ɗaya. Fitowar naka daga kwantenar Japan ta ɗan ƙara masa dama, amma ba shaida ba ce, domin su ma can suna sayen sababbin.

Akwai mataki na tsakiya da ya kamata ka sani, domin nan ne yawancin abin da ake kira tsoho da gaskiya yake faɗawa. Bayan 1868, a mulkin Sarki Meiji, abubuwa suka juye wa masu sana'a. Gwamnati ta raba addinin Shinto da na Buda, aka rushe wuraren ibada da yawa, masu sassaƙa gumakan Buda suka rasa aiki. A 1876 aka hana rataya takobi. Maza suka fara sa kwat da wando masu aljihu, sigari ya fara korar lofe, netsuke ya rasa amfani. Sai ga Turawa da Amurkawa suna saye da kwando. Masassaƙan suka koma yin okimono, wato abin ajiyewa a kallo, wanda ya fi girma, ba ya buƙatar huji, kuma ana iya barin ƙaho da fiffike a miƙe. Gwamnati ta tura irin waɗannan kaya bajekolin duniya, tun daga na birnin Vienna a 1873. Mafi shahara a katako shi ne tsohon birin da Takamura Koun ya sassaƙa aka kai bajekolin Shikago a 1893, biri ya ɗaga kai yana hararar sama da gashin gaggafa a hannunsa. Yana gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo. Aikin Meiji, daga 1868 zuwa 1912, ya riga ya haura shekara 100, wanda shi ne ma'aunin da 'yan kasuwar kayan tarihi da kwastan na Amurka ke amfani da shi. Don haka in aka ce maka abinka na Meiji ne, ba a rage maka komai ba. Idan kuwa ka ga an buga sunan ƙasar da haruffan boko a jiki, to don fitarwa waje aka yi shi: dokar Amurka ta tilasta sa sunan ƙasa daga 1891, aka riƙa rubuta Nippon har zuwa 1921, daga nan aka koma Japan.

Dogon allon naka ranma ne. Ana kafa shi tsakanin saman ƙofar zamiya da silin, iska da haske su riƙa ratsawa tsakanin ɗaki da ɗaki. Yawanci biyu-biyu ake yinsu, kowanne kusan mita 1.8, kuma ana sassaƙa fuska biyun. Gauraka da bishiyar matsu fatan tsawon rai ne, irin zanen da ake sawa a falon baƙi na gidan mai hali. Garin Inami a yankin Toyama shi ne cibiyar wannan sana'a. Bayan gobara ta cinye wurin ibadar Zuisenji a 1762, aka turo Maekawa Sanshiro daga Kyoto don sake ginin, kafintocin garin suka koyi sassaƙa a hannunsa, kuma har yau masassaƙin Inami yana aiki da ƙarafa wajen 200 a kan allo ɗaya. Amma ranma na gidajen zama ya yawaita ne a ƙarni na 20, har bayan yaƙin duniya na biyu, saboda haka naka zai fi yiwuwa ya kasance tsakanin shekara 50 da 100. Shinshina gefen da ba a shafa komai ba, in ka ji ƙanshin kafur to itacen kusu ne, in kuma yana da nauyi da jijiya mai fitowa ɓaro-ɓaro to keyaki ne. Duba gefuna ko akwai alamar inda ya zauna a cikin firam, da ko fuska ɗaya ta fi ɗaya duhu saboda hayaƙi ko rana. Nemi ɗan uwansa a wurin dillalin, domin biyun tare sun fi ɗaya-ɗaya daraja nesa ba kusa ba.

Na san wani zai tambaya ko gumaka ne. Waɗannan ukun ba don bauta aka yi su ba: tsaraba ce, da maƙalin igiya, da adon ɗaki. Waɗanda suka fito daga wuraren ibada su ne irin zakunan gadi guda biyu, ɗaya baki buɗe ɗaya a rufe, da kawunan dodanni da ake sawa a ƙarshen azara. Hukuncin ajiye surar dabba a gida kuwa fagen malamai ne. Abin da zan ƙara shi ne, irin waɗancan na wuraren ibada ka nemi takardar asalinsu kafin ka taɓa, domin ana sace su, kuma dokar Japan ta 1950 ta hana fitar da duk abin da aka yi wa rajista a matsayin muhimmiyar dukiyar al'ada. Haka nan in wani abu ya zo da hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku, ko da ɗan ido ne, ka shiga hurumin yarjejeniyar CITES, wadda ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Kwastan na iya ƙwace shi.

Game da adanawa, babban maƙiyinka hunturu ne. Japan ƙasa ce mai laima, katakon ya saba da ita. Gidajen tarihi suna riƙe laimar iska wajen kashi 50 cikin 100, a arewa kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20 a watan Janairu, sannan damina ta zo ta cika ta. Wannan hawa da sauka ne ke tsaga katako, kuma beyar da allon sun fi ɗan ɓeran haɗari saboda kaurinsu. Ka sa su a kabad mai rufi a ɗakin ciki, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara. Kada ka wanke, kada ka shafa man gyaɗa ko man kaɗanya ko fenti, kada ka bari kafinta ya ce zai gyara maka shi ya yi ƙyalli, domin wannan duhun da yake son kankarewa shi masu saye ke biya. Burushi mai laushi ya isa. In ka ga garin katako sabo yana zuba daga ƙananan ramuka, akwai ƙwaro a ciki, ka ware shi a leda nan take kafin ya kama sauran. In wani abu ya zo a akwatin katako mai rubutu a murfi, kada ka jefar da akwatin, sau da yawa can aka rubuta sunan mai aikin.

Ka turo min hoton ɓeran ta fuska shida a hasken rana, ba da filasha ba, da ruler a gefensa, musamman hujin biyu da rubutun da tafin ƙafafun. Ka haɗa da gindin beyar da gefen allon. Kafin nan kada ka ƙara wa dillalin ko kwabo a kan maganar shekara 300.